Ƙawayen autarmu na son yi mata liyafar shayi, a hol ko a falon gida?

Yayar Amarya:
Assalamu alaikum matan zaure. Shawara nake nema, kuma don Allah a faɗa min gaskiya ko da ba za ta yi min daɗi ba. Autarmu za a aurar ƙarshen Disamba in Allah ya kai mu. Ƙawayenta na jami'a sun zo sun same ni, wai suna son yi mata biraidal shawa, wato liyafar da ƙawaye ke yi wa amarya kafin biki, irin na shan shayi, da 'yan kofuna da kek da furanni. Ni ban ƙi ba, don yarinyar tana so, kuma ita ce ta ƙarshe a ɗakinmu. Inda gizo ke saƙar shi ne lissafin da babbar ƙawar ta kawo: a kama hol, a kira mai kwalliyar wuri, a fitar da anko, kowace ƙawa ta ba da dubu 40 ban da kuɗin ɗinki. Su 22 ne. Akwai waɗanda na san gidajensu, ko kuɗin makaranta da ƙyar ake haɗa musu. Ga shi har yau ba mu gama kayan kicin ba, Baba ya yi gado da kujeru ya ce ƙarfinsa ya ƙare. Ga kamu, ga walima, ga dina da dangin ango suka dage sai an yi. In ce musu a bari ne gaba ɗaya, ko akwai yadda za a yi shi a gida cikin mutunci? Waɗanda suka taɓa yi, me ake bayarwa, ƙarfe nawa ake farawa, shayi nawa zai isa?

Maman Biyu:
Wa alaikumus salam. Dubu 40 sau 22 fa dubu 880 ke nan. A kan shayi! Alhali amarya ba ta da tukwane. Yaya, ni dai ban ga abin tsayawa shawara a nan ba.

Autar Hajiya:
Anti Maman Biyu, a yi mana adalci mana. Ba a kan shayi kawai kuɗin zai tafi ba, ai da anko a ciki da hoto da wuri. Kuma wallahi cikin duk shagulgulan biki wannan ne kaɗai namu. Ranar kamu dangin ango ne ke cika wuri, amarya na lulluɓe tana sunkuyar da kai. Walima ta malamai da iyaye ce. Dina kuwa kowa na kallon kowa, ko gaisawa da ƙawarki ba za ki yi da kyau ba. Wannan zaman ne amarya ke sakewa ta yi dariya da waɗanda suka yi shekara huɗu suna cin kwano ɗaya a hostel. Bayan biki wata Abuja za a kai ta, wata Legas, shi ke nan an watse. Don Allah kar a ce a bari.

Maman Biyu:
Ƙanwata, ban ce kar su zauna ba. Na ce kar a ɗora wa 'yar mutane bashi don a zauna.

Inna Sakkwato:
'Ya'yana, ku bari tsohuwa ta sa baki. Wanga abu ba baƙo ba ne kamar yadda kuke gani, tufafi kawai ya sake. Lokacin da anka yi namu aure, amarya da ƙawayenta suna da kwanakinsu na lalle, su kaɗai a ɗaki, a yi waƙa, a yi kuka, a yi dariya, babu namiji ko ɗaya. Kuma ƙawa ba da hannu sake take zuwa ba. Akwai abin da munka sani da biki: in ƙawarki na aure ko suna, ki kai mata gwargwadon ƙarfinki, a riƙe a rai ko a rubuta, ranar naki ta maido miki da ƙari. Da haka mata ke tara kwalla da tasoshi da 'yan kuɗin jari. Amfanin ƙawa ke nan, ta rage wa uwar ɗiya nauyi. To yanzu an juya abin: ƙawaye su tara kuɗi masu yawa, mai hol ya ɗauka, mai fure ta ɗauka, mai hoto ya ɗauka, amarya ta tare babu abin da ya bi ta ɗaki. Wannan shi ne ban gane ba. Yayar amarya, ki tara su a gidanku, ki dafa musu shayinsu, amma kuɗin su tafi kicin.

Yayar Amarya:
Allah ya ƙara girma Inna. Wallahi abin da ke raina ke nan, bakin faɗa ne ban da shi, kar yaran su ce na raina musu ƙoƙari.

'Yar Manchesta:
Bari in ƙara a kan maganar Inna, don ko a wurin masu abin haka tushensa yake. Biraidal shawa al'adar Amurka ce, ta yaɗu a can tun wajen shekarun 1890, kuma manufarta a tara wa amarya kayan fara zaman gida: tukwane, zannuwan gado, tawul, faranti. Har labari suke bayarwa cewa a ƙasar Holan aka fara, wai wani uba ya hana 'yarsa kayan aure don ta nace sai wani talaka mai niƙa, sai maƙwabta suka taru kowa ya kawo abin da ya samu har ta tare. Ko tatsuniya ce, ta nuna me ake nufi da taron. A al'adarsu ma babbar ƙawa ce ke karɓar baƙi, sau da yawa a falon gida, makonni kafin ɗaurin aure.

Shan shayin yamma kuma na nan Ingila ne, haɗa su aka yi. Ana danganta shi da wata basarakiya, Anna ta Bedford, ƙawar Sarauniya Biktoriya, wajen 1840. A lokacin sai kusan ƙarfe 8 na dare manyan gidaje ke cin abincin dare, yunwa ta riƙa damunta da yamma, ta sa a riƙa kawo mata shayi da burodi da ɗan kek, daga baya ta fara gayyato ƙawaye. Har yau tsakanin ƙarfe 3 da 5 ake yi. Farantin nan mai hawa uku da kuke gani a hoto, ƙasa sanwici ne ƙanana, tsakiya wani ɗan burodi mai laushi da ake shafa wa kirim da jam, sama kayan zaƙi. Duka abin loma biyu ne kowanne. Ba abinci ne na ƙoshi ba, abin riƙe ciki ne ana hira. Don haka in kin yi a falonku ba ki rage komai ba, haka ake yin sa.

Autar Hajiya:
Anti, to amma hoton fa? Falon gida ba ya fita kamar hol.

Mai Kek da Cincin:
Ni sana'ata ce wannan, kuma zan faɗi abin da zai rage min ciniki. Mafi kyawun wanda na taɓa kai wa kaya a tsakar gida aka yi shi, ƙarƙashin bishiyar mangwaro. An share, an yayyafa ruwa, an shimfiɗa kafet biyu, an jera tum-tum da filalla, aka sa teburin tsakiya guda biyu aka rufa musu farin leshi na uwar amarya. Hasken la'asar sakaliya ya fi duk wata fitilar hol kyau a hoto. Amma kuma kar a yi mana kuɗin goro, masu kwalliyar wuri da mu masu kek da wannan muke ciyar da 'ya'yanmu. Wadda Allah ya hore wa ta kama hol, babu laifi. Laifin a tilasta wa wadda ba ta da shi.

Yaya, ga shawarata a kan abin ci. Kar ki yi kek mai hawa, asara ce, hoto za a yi da shi a bar miki rabi. Ki yi ƙananan kek na kofi, ɗaya ɗaya da ɗan ƙari. Sai ki duba gida: na tabbata Hajiyarku ta riga ta ba da aikin kayan gara. Ki ce wa mai yin ta ƙara miki alkaki da dubulan ƙanana, girman loma, da gireba. Alkaki da baƙin shayi mara sukari sosai, wallahi babu kek ɗin da ya kama ƙafarsa. Nakiya ma a mulmula ta ƙanana a sa a 'yan takardun kek, yajin citta da kanumfarin da ke cikinta yana tafiya da shayi. Sai dai duk waɗannan zaƙi ne, in babu mai gishiri za su gundure mutane tun kafin a yi nisa. Ki haɗa da samosa, da dambun nama a 'yan kofuna, da sanwici na ƙwai ko na kifin gwangwani. Kala uku na zaƙi, kala uku na gishiri, ya isa har a yi guzuri.

Inna Sakkwato:
A dai ƙara wa mai yi kuɗi ta yi na daban. Kayan gara ba a taɓa su, a cike ake kai su gidan miji.

Mai Kek da Cincin:
Haka ne Inna, na daban nake nufi. Wani abu kuma, tunda Disamba ne: iskar hunturu na busar da burodi cikin 'yan mintuna, gefensa ya ƙandare ya lanƙwashe. In kun yanka sanwici ku jera a tire, ku jiƙa tsaftataccen ƙyalle ku matse shi sosai ku rufa a kai, sai an zauna a buɗe. Samosa kuma a naɗe tun jiya a sa a firij, a soya bayan azahar.

Malamar Islamiyya:
Assalamu alaikum. Na ga an tambaye ni ta gefe ko abin ya halatta, gara in amsa a nan kowa ya gani. Mata su taru su faranta wa amarya, su shirya ta, su yi mata kyauta, wannan yana da asali. Ya zo a Bukhari cewa Nana A'isha ta raka wata amarya gidan wani mutumin Madina, Annabi (SAW) ya tambaye ta ko ba su tafi da wani abin nishaɗi ba, domin Ansar suna son nishaɗi. Kuma ku dubi auren Nana Safiyya a hanyar dawowa daga Khaibar, shekara ta 7 bayan hijira. Ummu Sulaim ce ta shirya ta. Da gari ya waye Annabi (SAW) ya ce duk mai wani abu ya kawo, aka shimfiɗa buzu, wannan ya kawo dabino, wancan ya kawo man shanu, aka cakuɗa, walimar ke nan. Ba a yanka wa kowa adadin da zai kawo ba. Wannan ya fi komai tsaya min a rai a maganarku: mai abu ya kawo abin da yake da shi.

Abin da nake jin tsoro uku ne. Almubazzaranci, wanda Alƙur'ani ya hana a fili a Suratul A'araf aya ta 31. Sai ware talaka, domin in an ce sai mai dubu 40 za ta shiga, an kori wasu ƙawaye ba tare da an furta ba, kuma hadisin Abu Huraira ya kira abincin walimar da ake gayyatar mawadata a bar matalauta da mafi sharrin abinci. Na ukun shi ne hoto. 'Yan mata za su cire mayafi don sun san su kaɗai ne, sai ga namiji mai kyamara a tsakiyarsu, kafin magariba kuma hoton ya zaga duniya.

Autar Hajiya:
Malama, yanzu akwai mata masu ɗaukar hoto da yawa a Kano da Kaduna, wasu ma sun fi mazan iyawa.

Malamar Islamiyya:
Madalla, a nemo mace. Amma ba mai kyamara kaɗai ba ce, wayoyi 22 ne za su shigo. A yi yarjejeniya tun a bakin ƙofa: da farko a yi hoton tare, kowa da mayafinta, wannan a ɗora inda ake so. Bayan nan abin da aka ɗauka ba ya fita sai da izinin amarya da na wadda ke ciki.

Maman Biyu:
Wannan yarjejeniyar a rubuta ta a guruf ɗinsu tun yanzu. Na ga auren da aka fara da rigima saboda bidiyon rawa na sakan talatin da wata ta sa a status, ƙanwar ango ta gani ta kai gida.

Yayar Amarya:
Na gode Malama. To maganar shayin kansa fa? Ni iyakata in jefa Lipton a kofi. Na mutum 25 ban san ta inda zan fara ba.

'Yar Yerwa:
Wannan ɓangarena ne. Ki lissafa kowa kofi biyu, kofin shayi kuma bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na lita ba, kin ga lita 10 ke nan. Ki dafa 12 don hankalinki ya kwanta, da sanyi ana ƙari.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a zuba ganyen shayi da kayan ƙamshi lokaci ɗaya a bar su suna ta tafasa. Kayan ƙamshi na son wuta, ganyen shayi ba ya so. Ki fara dafa citta da kanumfari da kirfa da ɗan masoro a ruwa zalla kamar minti 15, har gidan ya ɗauki ƙamshi. Ki daddaka cittar, kar ki sa gari, gari na sa shayi ya yi duhu-duhu ya kwanta a ƙasan kofi. Kanumfari kuma da hankali, in ya yi yawa harshe yake kashewa. Sai ki sauke tukunyar, sannan ki sa ganyen shayin ki rufe, minti 4 zuwa 5, ki tace nan take. In ya wuce haka ɗaci da bauri za su fito, kuma babu sukarin da zai gyara. Na'a-na'a a ƙarshe ake sa ta, ko ma a ajiye ɗanyen ganyenta a faranti kowa ta tsinka ta jefa a kofinta, ya fi kyau a ido.

Filas ɗin da za ki zuba, ki fara cika shi da tafasasshen ruwa ki bar shi minti biyar ki zubar, shayin zai kai magariba da zafinsa. Ki shinshina kowanne kafin ki ara, filas ɗin da aka saba sa wa kunu ko kofi ba ya rabuwa da warin. Kar ki bar jakar shayi a ciki. Sukari da madara kuma a gefe, kowa ta haɗa yadda take so.

Kuma ki sa turaren wuta tun kafin su iso, ki ɗauke kaskon in za a kawo abinci, hayaƙi da samosa ba sa shiri.

Nas Zariya:
Ina goyon bayan a bar sukari a gefe. Yanzu masu ciwon suga ba tsofaffi kaɗai ba ne. Kuma cikin ƙawaye 22 da wuya a rasa mai juna biyu, ita ana son ta rage abin da ke da sinadarin kafeyin mai hana barci, baƙin shayi kuma yana da shi. Ki ware filas ɗaya na citta da na'a-na'a zalla babu ganyen shayi, ki manna masa takarda. Ruwan sha ma kar a manta.

Tunda na shigo, bari in faɗi abin da ke damuna da irin wannan zama. An mayar da shi kasuwar kayan mata. Wata za ta zo da jaka cike da kwalabe babu suna babu komai, a ɗura wa yarinya, wani ma a ce ta yi matsi da shi. Muna ganin abin da ke biyo baya a asibiti. Yaya, ke ce mai gida ranar, ki hana.

Shugabar Zaure:
Na goge saƙonni biyu na talla. Mai neman shawara ba ta ce tana neman mai kaya ba. A ci gaba.

'Yar Damagaram:
Sannunku. Mu nan Nijar shayi ai shi ne zaman, sai dai an fi sanin maza da shi a fada. Koren ganye ne na Sin, a 'yar buta kan gawayi, a yi ta ɗaga shi daga kofi zuwa kofi har ya yi kumfa. Zagaye uku ake yi da ganye ɗaya: na fari ɗaci, na biyu daidai, na uku zaƙi. Ba zan ba ki shawarar ki shayar da mutum 25 da shi ba, butar ƙarama ce kuma yana cin lokaci sosai. Amma in akwai wadda ta iya, a ajiye ta a gefe da 'yar butarta da ƙananan kofunan gilashi, a ba amarya na uku da hannun babbar ƙawa. Abin yana da kyan gani, kuma ba ya cin kuɗi.

Anti Jalingo:
Kuma in za a sayi ganye a tuna da na gida. A tsaunin Mambila, can Kakara kusa da Gembu a ƙaramar hukumar Sardauna, ake noman shayi, shi ne Highland. Sanyin wurin da tsayinsa ne suka sa yake yi. Yana da ƙarfi, ki rage hannu in da shi za ki dafa.

Autar Hajiya:
To na yarda da gida. Amma anko fa? In kowa ta sa abin da ta ga dama ai taron suna zai zama.

Maman Biyu:
Ai akwai ankon kamu, akwai na dina. Na uku kuma? Tela ma a Disamba ba ya kallon fuskar kowa.

'Yar Manchesta:
Ku fitar da kala maimakon yadi. A ce kowa ta sa fari ko ruwan madara, amarya ita kaɗai ta sa wata kala. Babu budurwar da za ta rasa abu mai haske a akwatinta, in ta rasa ta ara. A hoto sai ya fi anko kyau ma, don ɗinkin ya bambanta.

Mai Kek da Cincin:
Ko a sayo gyale iri ɗaya mai sauƙin kuɗi a Kantin Kwari, in an ɗauki dozin biyu ana samun ragi. Shi ne anko, shi ne kuma tukuicin da kowa za ta tafi da shi.

Yayar Amarya:
Wannan ta gyalen ta yi min. Sai maganar kyauta. Na ga a bidiyo amarya na buɗe kyaututtuka ɗaya bayan ɗaya ana kiran sunan mai shi ana tafi. Haka za mu yi?

'Yar Manchesta:
A Amurka haka suke yi, wata na gefe tana rubuta wa ya kawo me, don amarya ta aika godiya daga baya.

Inna Sakkwato:
A'a 'yata, wannan kam kar ku ɗauko. Rubutawa daidai ne, mu ma muna yi, don a san abin da za a mayar. Amma a ɗaga blanda a yi guɗa, sannan a ɗaga ludayi biyu na ɗiyar da ta hana cikinta ta saya? Kun kunyata ta a gaban tsaranta, kuma ba za ta manta ba har ta tsufa. A karɓa a kai ɗaki, amarya ta buɗe da dare ita da yayarta.

Maman Biyu:
Ni ma da Inna nake. Ko kuma a kauce wa abin gaba ɗaya. Yaya ta rubuta abin da ya rage na kicin, tun daga babba har ƙarami: tukwane, kuloli, wuƙaƙe, matsami, rariya, robobin ajiye kayan miya, tire. A ba babbar ƙawa ita kaɗai. Kowa ta tura mata abin da za ta iya a ɓoye, mai dubu 2 da mai dubu 50, babu wanda ya san na wani. A je Ƙofar Wambai ko Sabon Gari a sayo, a naɗe, a ce daga ƙawaye baki ɗaya. Haka kuma ba za a tashi da filas shida babu tukunya ko ɗaya ba.

Autar Hajiya:
Anti, a nan kam ban yarda duka ba. Wata tana son ta ba ƙawarta abu da hannunta, abin da ta san tana so, ba rariya ba. Ni aminiyata sallaya da Alƙur'ani na ba ta da 'yar wasiƙa a ciki, har yau tana ce min da shi take karatu. Wannan ba ya shiga lissafin kicin.

Maman Biyu:
Ba a hana ba ai. Ta ba ta a ɗaki.

Malamar Islamiyya:
Duka biyun suna yiwuwa. Kuma ga abin da za a cika zaman da shi wanda ba ya buƙatar ko sisi. A sayi littafi mai bango mai ƙarfi, a zaga da shi. Kowace ƙawa ta rubuta girki ɗaya da ta iya daga gidansu, da addu'a ko nasiha a ƙasa. Mai miyar kuka ta rubuta, mai ɗanwake ta rubuta, 'yar Maiduguri ta rubuta yadda ake haɗa humra. A gayyato mace ɗaya ko biyu cikin yayye masu aure da hankali, su yi magana minti goma a kan zama da miji da dangin miji, ba wa'azi mai tsawo ba, sannan su tashi su ba yara wuri.

'Yar Yerwa:
Su tashi ɗin nan yana da muhimmanci. In iyaye suka zauna, babu mai sakewa.

Nas Zariya:
Lokaci fa? A Disamba rana na saurin faɗuwa, ƙarfe 6 da 'yan mintuna an kira magariba a Kano. In an ce ƙarfe 4, sai 5 za su zo, amarya kuma tana wurin kwalliya.

Mai Kek da Cincin:
A ce musu su zo su yi la'asar a gidan. Da an sallame a zauna, a samu awa biyu cikakku, kowa ta kama hanya da sauran haske. Kuma kar a sa shi cikin satin biki. Satin nan amarya na gyaran jiki, gida cike da baƙi daga ƙauye, Hajiya ba ta da lokacin kanta. Sati biyu kafin nan ya fi, ranar Asabar ko Lahadi.

Yayar Amarya:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Na kira babbar ƙawar na karanta mata wasu daga cikin maganganunku. Da farko ta yi shiru, ta ce ita ba ta so a ce ƙawarta ta fi kowa ƙaramin shawa a ajinsu. Na ce mata ta tuna su wa da wa za su zauna a gida in an ce dubu 40. Ta kira sunaye huɗu da kanta, har da wadda suka fi shaƙuwa da amaryar tun sakandare. Yanzu dai mun tsaya a kan tsakar gidanmu, Asabar ta biyu a watan Disamba bayan la'asar, fararen kaya da gyale iri ɗaya. Shayi da kayan gishiri ni zan yi, ƙawaye su kawo kek, gudummawa kuma a ɓoye ta hannunta. A kan mai kwalliyar wuri ne ba mu daidaita ba, ta dage sai an yi ɗan bango na furanni inda amarya za ta zauna, ta ce daga aljihunta za ta biya.

Maman Biyu:
Da ni ce da na ce ta sa kuɗin a tukwane.

Inna Sakkwato:
Ku bar mata wannan. Kuɗinta ne, ƙawarta ce, kuma ta sauko daga hol zuwa tsakar gida. Ba a ƙwace wa yaro duka.

Autar Hajiya:
Na gode Inna!

Yayar Amarya:
Na bar mata. Abin da ya rage kofuna ne, namu na gida 12 ne kawai masu faranti, kuma ba na son na roba.

Mai Kek da Cincin:
Ki ara a maƙwabta, ba sai sun zama iri ɗaya ba, a kan farin leshi kowanne kyau yake yi. Ki ɗiga jan farce a gindin na kowane gida da kala daban don kar su cakuɗe wajen mayarwa. Ina da guda 10 da filas babba guda biyu da ban taɓa sa wa komai ba sai ruwan zafi. Ki yi min magana ta gefe, a aiko yaro ranar Juma'a ya karɓa.